Hutu a Kwoi: A tafi da babbar kyamara ko a bar ta a gida?

Duk lokacin da hutun makaranta ya gabato aka fara haɗa kayan tafiya, akwai wata 'yar gardama da kan tashi a gidajen da Allah Ya hore wa babbar kyamara, irin wadda ake cire wa gilashi a sauya wani. Maigida ya ce ai don irin wannan rana aka saye ta. Uwargida ta ce kaya sun yi yawa, ga yara, wa zai riƙe ta? A wani gidan kuma uwargidan ce mai kyamarar. Maganar kamar ƙarama, amma ta shafi abu biyu masu nauyi: dukiyar gida, da kuma idon da zai kasance a kan yara a wurin da ba su sani ba.

Bari mu ɗauki misalin iyalin da za su je Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, ko dai ziyarar dangi ko kallon bikin Tuk Ham, wanda al'ummar Ham ke yi a lokacin Ista. Wanda ya je can ba zai rasa abin ɗauka ba. Ga masu rawa cikin kayan gargajiya, ga tawagar Kpop Ham, sarkin ƙasar, ga gonakin citta da aka san yankin da su. Kusa da Kwoi akwai ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a 1928, kafin Bernard Fagg ya zo ya yi nazarinsu tun daga 1943, duniya ta san cewa sun haura shekara 2,000. Idan an ƙarasa Kafanchan, ga Matsirga inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, ga duwatsun Kagoro inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu. Waɗanda za su bi ta Abuja kuwa, da wuya yara su bari a wuce ba a tsaya wurin wasa na Magicland ba, wanda a da ake kira Wonderland.

Tafiya ɗaya ce, amma wuraren kowanne da halinsa. Shi ya sa shawarata ita ce kada ku yanke hukunci guda a kan tafiyar baki ɗaya. Ku yanke shi a kan kowace fita, kuma kafin kowace fita ku tambayi kanku: idan hannuna da idona suna kan kyamara, wa ke riƙe da yaran?

Abin da kyamara ta fi waya

A yi wa kyamara adalci. Akwai wurare uku da wayar hannu, ko mai tsada ce, ba ta cika kamo ta ba. Na farko nesa: a filin biki ba za a bar ku ku shiga tsakiyar masu rawa ba, kuma idan kuka jawo hoto sosai da waya sai fuska ta dagule. Na biyu ƙarancin haske, kamar cikin ɗakin kaka ko bayan faɗuwar rana. Na uku motsi mai sauri, irin yaro yana gudu ko mai rawa yana juyi.

Sai kuma dalilin da ya fi duka ƙarfi a wurina. Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidan da za ku sauka, hotonsu mai kyau wanda za a iya wankewa babba a rataye a falo, tare da jikoki kewaye da su, abu ne da ba kullum ake samun damar yi ba. Wannan kaɗai ya isa a sa kyamara cikin akwati. Amma ku lura, hoton nan a tsakar gida ake ɗaukarsa, kowa a zaune, babu cunkoso, babu ruwa.

Taura biyu ba ta taunuwa

Mai leƙa idon kyamara ido ɗaya yake rufewa, ɗayan kuma abin da ke cikin ɗan tagar nan kaɗai yake gani. Bayan ya ɗauka sai ya sunkuya ya duba yadda hoton ya fito, ya gyara haske, ya sake. Minti ɗaya ko biyu sun tafi. A tsakar gida wannan ba komai ba ne. A bakin ruwa kuwa minti biyu ya isa a rasa yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne yaron da ke nutsewa ba ya cika yin ihu ko fantsama ruwa yadda ake nunawa a fim. Bakinsa na neman iska ne, ba shi da numfashin kiran kowa. A wuri irin Matsirga ga ƙarar ruwa ta cika kunne, ga duwatsu masu santsi, musamman idan damina ta kankama. Ƙaramin yaro a irin wannan wuri yana bukatar babba a kusa da shi, inda zai miƙa hannu ya kamo shi.

Shi kansa mai ɗaukar hoton ba a bar shi ba. Wasu likitoci a Indiya sun wallafa bincike a 2018, inda suka ƙirga mutum 259 da suka mutu wajen ɗaukar kansu hoto a faɗin duniya tsakanin Oktoba 2011 da Nuwamba 2017, kuma nutsewa ce ta fi kashe su. Mai ja da baya yana neman ruwan ya shiga hoto gaba ɗaya ba ya ganin inda yake taka ƙafa.

Cunkoson biki ma haka yake. Yaro ɗan shekara huɗu ya ga mai sayar da balan-balan, ya saki zanin uwarsa, shi ke nan an shiga cigiya. Don haka idan manya biyu ne da yara uku ƙanana, babu hannun da ya rage wa kyamara. Idan kuwa akwai kawu ko gwaggo ko babbar yaya da aka ce yau aikinki yaran nan ne, aka faɗa a fili kowa ya ji, to mai kyamara ya samu sarari. Haɗarin yana cikin kowa ya ɗauka wani ne ke lura.

A wurin wasan yara

Nan ne babbar kyamara ta fi zama kaya. Kyamara da gilashinta kan kai kilo ɗaya ko fiye, tana reto a wuya. A kan lilon da ke juyi ko jirgin wasa mai gudu tana iya bugun haƙoran mai ita, ko kan yaron da ke zaune kusa, ko ta kuɓuce ta faɗa kan mutanen da ke ƙasa. Shi ya sa manyan wuraren wasa na duniya ke da doka a kan haka. A Universal da ke Orlando a Amurka, akwai jiragen wasan da sai an ajiye komai a akwatin ajiya an bi ta na'urar bincike kafin a hau. Kamfanin Disney kuma ya hana shiga da sandar ɗaukar hoto a wuraren wasansa tun 2015.

A nan gida ba ko'ina za ku samu akwatin ajiya mai makulli ba. Ƙarshenta mutum ɗaya zai tsaya a ƙasa yana gadin jaka, yara su hau su sauka ba tare da shi ba. Hoton da za a samu ma, na yaro yana dariya a kan dokin wasa daga taku biyar da rana tsaka, waya na yinsa sarai. Ranar wurin wasa, a bar kyamara a masauki.

Ƙura, zafi da laima

Lokacin tafiya ma abin dubawa ne. Masu zuwa Kirsimeti da bikin Afan za su tarar da hunturu. Ƙurar hazo tana da laushi, tana shiga ko'ina, kuma duk sanda aka cire gilashi a fili sai ta sauka a kan ɓangaren da ke kama hoto a ciki, daga nan kowane hoto ya riƙa fitowa da ɗige-ɗige. Ku ɗaura gilashi ɗaya tun daga ɗaki, kada ku sauya a waje. Kada kuma a goge shi da bakin riga ko gyale, domin ƙurar da ke jikin tufafi na karce shi.

Masu zuwa Ista kuma zafi za su tarar, wani lokaci da ruwan farko. Yawancin kamfanonin kyamara, irin su Canon da Nikon, suna rubuta cewa a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 zuwa 40. Motar da aka rufe aka bari a rana cikinta na iya haura digiri 60, wanda ke lalata batir. Kada a bar kyamara a mota, kamar yadda ba a barin magani a ciki, balle yaro. Feshin ruwan Matsirga da yayyafi su ma suna shiga, idan kuma aka ajiye ta da laima a jaka sai gilashin ya yi fumfuna daga ciki.

'Yan ƙunshin nan masu tsotse laima da kuke gani a cikin kwalbar magani ko kwalin takalmi suna taimakawa idan an zuba su a jakar kyamara. Sai dai jakar nan ba ta yara ba ce. Ƙunshin na iya shaƙe ƙaramin yaro, haka ma katin memori. Wanda ya fi haɗari shi ne ɗan batir mai kama da kwabo da ke cikin rimot na wasu kyamarori. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona wurin cikin awa biyu. Ba a jira a ga alama, ba a sa shi amai, asibiti ake nufa nan take.

Ku tuna kuma kafaɗa ɗaya jaka ɗaya take ɗauka da daɗi. Idan zaɓi ya zo tsakanin kyamara da gorar ruwa, abin shaƙar mai asma ko magungunan yaro mai sikila, kun san wanda zai zauna a gida.

Lissafin kuɗi

Sabuwar kyamara mai kyau da gilashinta a yau tana iya haura Naira miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne, wato kyamarar ta fi albashin wata 14 na ƙaramin ma'aikaci. Kaɗan ne cikinmu ke yi wa irin wannan kaya inshora. Ku tambayi kanku, idan ta faɗi ko aka fizge ta, asarar za ta taɓa kuɗin makaranta? Idan amsar e ce, kada ta shiga cunkoso. Idan kuma ta aro ce, ko ta wurin aiki, ko ita ce jarin da ake ɗaukar hoton biki da ita, to maganar ta ƙare, ba ta zuwa yawon hutu.

Idan za a fita da ita, a sa ta a jaka marar tambari, a rataya a gaba ba a baya ba. Kowane dare a kwashe hotunan zuwa waya ko kwamfuta, domin kyamara ana sake saye, hoton kaka ba a sakewa. Akwai kuma hanya mai sauƙi: kowane gari da masu hotonsa. Ku yi ciniki da ɗaya ya zo gida na awa guda, ya tura muku hotunan. Kun taimaki ɗan gari, kuma mai kyamarar gidanku, wanda kullum ba ya cikin hoto, shi ma ya fito.

Ladabin ɗaukar hoto

Babbar kyamara tana jan ido fiye da waya, kuma ba kowa ke son a auna shi da ita ba. A gaida mutum a nemi izini kafin a ɗauke shi, musamman dattawa, mata a kasuwa da 'ya'yan mutane. A fada ko wurin da ake wata al'ada, a tambayi masu wurin abin da aka yarda a ɗauka. A gidan adana kayan tarihi na Nok, ko na Jos da aka buɗe a 1952, a tambayi ma'aikata kafin a fito da ita. A shingen jami'an tsaro kuwa ta zauna cikin jaka.

Me yaro zai tuna?

Wata malamar jami'a a Amurka, Linda Henkel, ta kai ɗalibai gidan kayan tarihi, ta sa suka ɗauki hoton wasu abubuwa, wasu kuma suka tsaya suka kalla kawai. Washegari sun fi tuna waɗanda suka kalla da ido. Sai dai waɗanda suka jawo wani ɓangare na abin suka ɗauka da lura ba su manta ba. Wato hoto kaɗan da aka ɗauka da natsuwa ya fi ɗari biyar da aka yi ta dannawa.

Saboda haka ku ware wa kyamara lokacinta. Safiya ɗaya a tsakar gida tare da dattawa. Awa ɗaya a filin biki, bayan an damƙa yara a hannun wanda aka ambaci sunansa. Ranar lilo da ranar bakin ruwa kuma ta kwana a akwati, waya ta yi aikin, hannu biyu su zama na yara. Wanda ba shi da mai taya shi riƙon yara, ko bai da wurin ajiya mai aminci a masauki, ya bar ta a gida, ba abin da ya rasa wanda mai hoton gari ba zai cike ba.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.