Gwajin Jini da Sankarau a Jos: Gaskiya da Jita-jita

Sanyin garin Jos, wanda yake kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ya sa jama'a da dama suna ɗauka cewa sankarau ciwon garuruwan zafi ne irin su Gusau da Sakkwato. Wannan zato ba daidai ba ne, domin ƙwayoyin bakteriya ne suke haddasa cutar, suna kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma suna yaɗuwa ta tari da atishawa. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙeƙashe hanci da maƙogwaro har ƙwayoyin su sami hanyar shiga jini, sanyi kuwa yana sa a rufe tagogi a kwana cunkushe.

Maganar da ta fi cutar da iyalai ita ce cewa gwajin jini kaɗai ya isa ya wanke mara lafiya daga sankarau. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda ana iya rainon jini a ɗakin gwaji har ƙwayar ta bayyana, sai dai wannan yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu ko fiye, kuma yakan fito babu komai idan an riga an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis. Gwajin maleriya da na taifot kuwa ba su ma neman sankarau, kuma yaro yana iya ɗauke da maleriya da sankarau a lokaci guda. Hujjar da likita ya fi dogara da ita tana cikin ruwan laka, wanda ake ɗiba da siririyar allura daga ƙasan gadon baya: na mai lafiya garau yake kamar ruwan sha, na mai sankarau yakan fito a gurɓace.

A kan wannan allura ce tsoro ya fi yawa, har wasu iyaye suke ɗauke 'ya'yansu daga asibiti bisa jin cewa tana shanye ƙafa. Alhali ana saka ta ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma abin da ya fi biyo bayanta shi ne ciwon kai na 'yan kwanaki. Kurumta da naƙasar da ake ɗora mata aikin cutar ne, wadda takan bar kimanin mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka rayu da lahani mai ɗorewa.

Cutar sankarau tana iya kisa cikin sa'a 24, shi ya sa likitoci suke fara allurar ceftriaxone ba tare da jiran sakamako ba. Zazzaɓi mai tafe da sanƙarewar wuya, ko gigita, ko jijjiga, ko ƙin haske, dalili ne na garzayawa babban asibiti ko da tsakar dare ne, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko asibitin Jankwano. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa, don haka kumburin maɗiga da ƙin kama nono su ne abin lura, haka nan ɗige-ɗigen jini da ba sa ɓacewa idan an danna su, waɗanda a baƙar fata suka fi fitowa a tafin hannu da cikin fatar ido.

Wanda ya taɓa yin rigakafi ma bai kamata ya saki jiki ba, domin allurar MenAfriVac daga nau'in A na ƙwayar cutar kaɗai take karewa, alhali nau'in C ne ya kashe mutum sama da 1,100 a annobar 2017 a ƙasar nan, kafin Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV mai kare nau'i biyar a 2024.