Seriyam Oksaid: Daga Salansar Mota Zuwa Jikin Ɗan Adam

Duk ɗalibin da ya taɓa jefa yankin ɗanyar hanta cikin ruwan haidirojin feroksaid a ɗakin gwaje-gwaje ya ga yadda kumfa ke tasowa nan take. Abin da ke haddasa kumfar shi ne katalas, wani sinadari na cikin hanta wanda ke wargaza feroksaid ya mai da shi ruwa da iskar oksijin. Duk sinadarin da ke hanzarta aiki irin wannan, ba tare da shi kansa ya ƙare ba, ana kiransa katalis. To, akwai wani gari mai launin rawaya-rawaya, seriyam oksaid, wanda ke kwaikwayon wannan aiki na hanta, ko da yake daga ma'adinai ake samunsa.

A shekarar 1803 ne masana a Suwidin da Jamus suka gano seriyam. Ɗaya daga cikin ma'adinan da ke ɗauke da shi shi ne monazait, wanda ake samu a tarkacen haƙar kuza na yankin Jos.

Sirrin wannan gari shi ne, atom ɗin seriyam yana iya sauyawa tsakanin matsayi biyu, Ce3+ da Ce4+, cikin sauƙi. Saboda haka garin ya zama tamkar rumbu: idan oksijin ya wadata sai ya adana, idan ya yi ƙaranci sai ya fitar.

Wannan hali ne ya ba shi gurbi a cikin matatar hayaƙin da ke salansar mota, wadda kanikawa ke kira "indomi". A nan yake taimaka wa filatinam da faladiyam da rodiyam wajen mayar da kabon monoksaid, iskar nan mai kisa, zuwa kabon dayoksaid, da kuma ƙone ragowar fetur. Ashe ke nan wanda ya cire indomin motarsa ya sayar, ya bar jama'a da shaƙar guba. Haka kuma an nuna a ɗakunan gwaji cewa garin na iya wargaza rinin masana'antu da ke gurɓata ruwa idan an haska masa haske.

A jikinmu kuwa, ƙwayoyin halitta na samar da feroksaid da danginsa yayin da suke sarrafa abinci. Idan waɗannan suka fi ƙarfin katalas da 'yan uwansa, sai su lalata ƙwayoyin. A 2006, masana a Amurka suka nuna cewa ƙananan ƙwayoyin seriyam oksaid, waɗanda ido ba ya iya gani, sun kare idanun ɓeraye daga lahanin haske mai ƙarfi. Abin sha'awa shi ne, bayan garin ya yi aiki yakan koma matsayinsa na farko, ya sake wani.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A wuri mai tsami, garin yakan juya ya lalata ƙwayar halitta maimakon ya kare ta, abin da ya sa ake gwada shi a kan ƙwayoyin kansa. Gwaji a kan dabbobi ya kuma nuna cewa yakan taru a hanta da saifa ya daɗe bai fita ba. Don haka, kafin ya zama magani a hannun likita, wajibi ne masana su tabbatar da adadin da jiki zai iya ɗauka, da kuma hanyar da zai bi ya fita.