Kifin da ba shi da idanu

A ƙasar Meksiko, can nahiyar Amurka, akwai ramukan dutse masu zurfi, wato kogo. Rana ba ta shiga ciki, dare da rana duka duhu ne. Ciyawa ba ta tsira inda babu haske, saboda haka abinci kaɗan ne. Sai kashin jemage da ɗan abin da ruwa ya kwaso daga waje.

A shekarar 1936 aka gano wani ƙaramin kifi cikin ruwan irin wannan kogo. Ba shi da idanu, fata ta rufe gurbinsu. Jikinsa fari ne fat. Amma danginsa da ke cikin gulbi a waje suna da idanu, suna da launi.

Mene ne dalili? Ido yana cin ƙarfin jiki. Masana sun auna, sun ga gani yana cinye har kashi 15 cikin 100 na ƙarfin ɗan kifi. A cikin duhu wannan asara ce. Tun yana cikin ƙwai ido yakan fara fitowa, sannan ya lalace. A madadinsa, kifin yana jin motsin ruwa da fatarsa. Yana da ƙarfin jin wari da ɗanɗano. Yana tara kitse domin ranar yunwa.

Haka ma a ƙasar Silobeniya, cikin Turai, akwai wata dabbar kogo dangin kwaɗo, mai siffar ƙadangare. Ita ma makauniya ce. Takan yi shekaru ba ta ci komai ba.

Wannan canji ba na rana ɗaya ba ne. Mu manoma mun san haka. Kowace kaka mukan ware zangarniyar gero mafi kyau domin iri. A hankali geronmu ya saba da ƙasarmu da ƙarancin ruwanmu. Cikin kogo babu manomi, yunwa ce ke zaɓe. Kifin da ya fi jure wa duhu shi ne ya rayu ya hayayyafa, shekaru dubbai.

To, kowane iri da wurin da ya saba. Mu gwada sabon iri a gefen gona tukuna. Mu kuma adana namu na gado cikin rumbu, kada ya ɓace.