Rigimar Tsarin Rubutu Tsakanin Masu Aikin Sa-kai Na Kwamfuta

Akwai dubban mutane a ƙasashe dabam-dabam waɗanda ke haɗa kai su rubuta manhajar kwamfuta, su bar ta a buɗe ga kowa ya duba, ya gyara, ya yi amfani da ita kyauta. Da yawansu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, kuma babu mai biyansu ko sisin kwabo. Amma abin mamaki, ɗaya daga cikin gardandamin da suka fi daɗewa a tsakaninsu shi ne na yadda za a jera rubutun a kan layi, watau yawan filin da za a bari a farkon layi, da iyakar tsawonsa, da wurin ajiye alamomi.

Ita dai kwamfuta, a yawancin harsunanta, babu ruwanta da wannan. Mutum ne abin ya dama, domin wanda ya rubuta layi yau, wani ne zai karanta shi bayan shekara goma.

Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds na ƙasar Finlan ya fara a 1991, ta ɗauki dokar barin fili mai faɗin harafi 8. Hujjarsa ita ce, idan umarni ya yi ta shiga cikin umarni har layi ya tasam ma bakin allo, to alama ce aikin ya cukurkuɗe, sai a sake shi. Su kuwa mutanen GNU, ƙungiyar da Richard Stallman ya shelanta kafawa a 1983, fili 2 suka zaɓa. Takardar dokokin Linux har ba'a ta yi musu, inda ta ba da shawarar a buga tasu dokar a ƙone ta. Harshen Python kuma ya kafa tasa ƙa'idar a 2001, watau fili 4, da layin da bai wuce harafi 79 ba.

Iyakar nan ta harafi 80 gado ce daga katin huji na kamfanin IBM na 1928. Sai a 2020 Linux ta sassauta, ta ƙyale layi ya kai harafi 100.

Wanda ya ɗauki wannan gardama wasa, to ya tuna abin da ya auku a 2014. A cikin manhajar tsaro ta kamfanin Apple an maimaita layi guda bisa kuskure, kuma yadda aka jera shi ya sa ido yana ganinsa kamar yana ƙarƙashin sharaɗin da ke samansa, alhali kuwa ba haka ba ne. Sakamakon haka wayoyi da kwamfutoci suka riƙa tsallake wani muhimmin binciken tsaro.

Har ila yau akwai hasarar mutane. Sabon ɗan sa-kai yakan kwana yana aiki, a dawo masa da shi saboda fili guda, ya yi fushi ya tafi ba waiwaye. Shi ma mai dubawa yakan gaji da maimaita gyara iri ɗaya.

Maganin da aka samo shi ne a bar wa na'ura hukunci. Harshen Go, wanda Google ya fitar a 2009, ya zo da gofmt, mai jera rubutun kowa bisa tsari guda. Python ma ya sami irinsa mai suna Black a 2018. Ba kowa ne ya gamsu da zaɓinsu ba, amma da yake ba a musu da na'ura, lokacin da a da ake ɓatawa wajen cacar baki ya koma wajen neman kurakurai na gaske.