Kokowa: wane lissafi ne ke nuna ƙarfin jaha?

Duk lokacin da gasar takobi ta kama, 'yan kasuwa da ma'aikatan Gure sukan kasa kunne ga rediyo, da yamma kuma gardama ta kaure a majalisa: yau Damagaram ta yi kaye nawa? Tambayar tana da daɗin ji, amma ba ita ke kawo takobi gida ba.

An fara gasar a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko. A tsarin da aka saba, jahohi 8 kowace takan kawo 'yan kokowa 10, kowace jaha kuma ta kara da sauran bakwai. Wanda aka kayar yakan ci gaba da yi wa jaharsa kokowa, sai dai takobi ya wuce shi. Saboda haka jaha tana iya tara kaye fiye da kowa, ta wayi gari ba ta da ko mutum guda a zagayen ƙarshe. Adadin da ya kamata a riƙa bi kullum shi ne na waɗanda ba su taɓa ƙasa ba.

Shi ma wannan adadi yana bukatar awo. Ɗan kasuwa ya san cewa yawan ciniki daban, riba daban. Wanda ya kayar da yara biyar masu tasowa ba ɗaya yake da wanda ya kayar da tsofaffin sarakuna biyu ba, ko da takarda ta ba na farkon rinjaye. Sai a duba wa aka kayar, cikin minti nawa, da gargaɗi nawa alƙali ya yi.

A Amurka masu wasan besbol, wato ƙwallon sanda, sun daɗe suna auna ɗan wasa da yawan bugunsa. A 2002 kulob ɗin Okland, da ƙaramin jari, ƙarƙashin Billy Beane, ya fi ba da ƙarfi ga wani lissafi: sau nawa mutum ke isa zangon farko, ta kowace hanya. Ya sayi 'yan wasan da manyan kulob suka raina, ya ci wasa 103 cikin 162, har da 20 a jere. Amma a wasannin sili ɗaya ƙwale an fitar da shi tun zagayen farko.

To, wannan fa bayan wasa 162 ne. Ɗan kokowa karawa bakwai kawai gare shi kafin zagayen ƙarshe, kuma zamewar ƙafa ɗaya ta isa. Masu zaɓen 'yan wasa, daga Gure har filin Langa-Langa na Zinder, za su fi samun gaskiya idan suka ajiye littafin shekara uku ko huɗu na kowane ɗan kokowa, da sunan duk wanda ya kara da shi, maimakon dogara ga kayen mako guda.