Akwatin da ke cinye haidurojin: me ya rage a yi wa rajistar ƙirƙira?

A ranar 12 ga Maris 2011 saman ginin injin farko na tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi a Japan ya tarwatse. Bayan kwana biyu ginin na uku ya bi sahu, washegari kuma na huɗu. Iskar haidurojin ce ta yi wannan ɓarna. Da ruwan sanyaya injin ya ƙafe, bututun ƙarfen zakoniyam da ke riƙe da makamashin suka ɗau zafin da ya haura digiri 1,000, suka riƙa fizge oksijin daga tururi suna sakin haidurojin, ita kuma ta sulale ta taru a saman gine-ginen. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki za ta iya kamawa da wuta. Tun a 1979 aka ga alamar haka a tashar Three Mile Island ta Amurka, inda haidurojin ta ƙone a cikin ginin kariya, sai dai ginin ya jure.

Maganin da injiniyoyi suka tsaya a kansa abu ne mai sauƙin gani. Akwati ne na ƙarfe, buɗe ta ƙasa buɗe ta sama, a gindinsa an jera siraran faranti a tsaye, an shafe su da filatinam ko faladiyam. Ba shi da waya, ba shi da fanka, ba shi da makunni. Idan haidurojin ta taɓa farantin sai ta haɗu da oksijin ta zama tururin ruwa, ba tare da harshen wuta ba. Zafin da haɗuwar ta haifar yana ɗaga iskar sama, ta ƙasa kuma wata sabuwa ta shigo, kamar yadda bututun hayaƙin gidan burodi ke jan iska da kansa. Masu sana'ar suna kiransa PAR a taƙaice. Kamfanonin Siemens da NIS a Jamus da hukumar AECL ta Kanada su ne suka yi fice wajen ƙera shi a shekarun 1990, kuma Faransa ta gama girka shi a dukan tashoshinta na nukiliya a 2007. Bayan Fukushima, inda rashin lantarki ne ya kashe duk na'urorin da ke buƙatar lantarki, ƙasashe da dama suka ruga neman na'urar da ke aiki ko duhu ya mamaye ko'ina.

Aibin na'urar yana cikin ƙarfinta. Kowane giram 2 na haidurojin da ya zama tururi yana sakin zafin kilojul 242, kuma wannan zafin a jikin farantin yake sauka. Idan iskar ta yi yawa, faranti kan yi zafin ɗaruruwan digiri har ya yi ja. Gwaje-gwajen da aka yi a cibiyar THAI da ke Eschborn a Jamus, da kuma na cibiyar bincike ta Jülich, sun nuna cewa daga wajen kashi 6 zuwa sama, gwargwadon yawan tururin da ke wurin, akwatin da kansa na iya kunna wa iskar wuta. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama. A cikin ginin nukiliya mai kaurin kankare wasu masana na ganin ƙaramar wuta da wuri ta fi babbar fashewa daga baya. Amma a garejin motoci ko ɗakin batura ko cikin jirgin ruwa, babu mai karɓar wannan hujja.

Daga nan ne sabon salon neman takardar haƙƙin ƙirƙira ya taso. Masu nema sun koma kan tambaya ɗaya: ta yaya za a janye zafi daga farantin ba tare da famfo ko fanka ba? Wasu suna manna farantin a jikin bututun zafi, wato rufaffen bututu mai ɗan ruwa a ciki da ke tafasa a wannan kai ya sauke zafinsa a wancan. Wasu suna jera raga hawa-hawa, ta farko da ɗan sinadarin filatinam ko faladiyam kaɗan, don kada aikin ya taru wuri guda. Wasu kuma suna lulluɓe sinadarin da shafi mai ƙananan kafofi da ke rage saurin isar iskar gare shi.

Dalilan wannan yunƙuri ba su da wuyar ganewa. Takardar haƙƙin ƙirƙira shekara 20 take yi daga ranar nema, bisa yarjejeniyar TRIPS ta 1994, don haka takardun akwatunan farko sun mutu a daidai lokacin da kasuwarsu ta buɗe bayan 2011. Wanda ke son wata kariya dole ya zo da sabon abu. Babban dalili kuwa shi ne haidurojin ta fito daga tashar nukiliya ta shigo gari. Jamus ta fitar da tsarinta na ƙasa kan haidurojin a Yunin 2020, Tarayyar Turai ta bi a Yuli. Rahoton da Ofishin Haƙƙin Ƙirƙira na Turai da Hukumar Makamashi ta Duniya suka fitar a Janairun 2023 ya nuna cewa daga 2011 zuwa 2020 ƙasashen Tarayyar Turai ne ke da kashi 28 cikin 100 na ƙirƙire-ƙirƙiren haidurojin da aka nemi kariyarsu a ƙasa fiye da ɗaya, Japan 24, Amurka 20. Inda ake tara iskar kuwa, yoyo ba ya ƙarewa. A Yunin 2019 wani gidan sayar da haidurojin a Kjørbo, kusa da Oslo a Norway, ya fashe saboda wani murfi da ba a ɗaure daidai ba a tankin ajiya.

To, me doka za ta iya bayarwa? Yarjejeniyar Turai ta 1973 kan haƙƙin ƙirƙira ta gindaya sharuɗɗa uku: abu ya zama sabo, ya zama ba wanda ƙwararren ma'aikacin fannin zai hango da sauƙi ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi a masana'anta. Na ukun ba ya ba kowa wahala a nan. Na farkon yana yanke babban reshe, domin ilimin sinadarin tsohon gaske ne. Tun 1823 Johann Wolfgang Döbereiner ya nuna a Jena cewa garin filatinam na haɗa haidurojin da oksijin har ya kunna wuta, ya kuma yi fitila da hakan. Sanyaya harshen wuta da ragar ƙarfe ma ya girme shi: fitilar masu haƙar kwal da Humphry Davy ya ƙera a 1815 a kan wannan dabara take, kuma Davy ya ƙi yi mata rajista. Bututun zafi na zamani ya fito ne daga aikin George Grover a Los Alamos a 1963. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wani zai ce nasa ne yau.

Rigimar tana kan sharaɗi na biyu. Mai nema ya ɗauko akwatin da kowa ya sani, ya ɗauko bututun zafi da kowa ya sani, ya haɗa. Mai tantancewa a ofis zai tambaye shi: duk injiniyan da ya ga faranti na zafi fiye da kima, ba sanyaya shi zai fara tunani ba? Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar KSR da Teleflex ta 2007 ta nuna cewa haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, a samu sakamakon da aka zata, da wuya ya cancanci kariya. A ganina wannan ma'auni daidai ne, kuma duk buƙatar da ta ce kawai "na'ura mai sinadari tare da sanyaya kai" ya kamata a mayar wa mai ita.

Sai dai akwai inda ƙirƙira ta gaskiya take, kuma ofis ɗin da ya kasa ganinta ya zalunci mai aiki. Zafin nan da ake gudu shi ne injin na'urar. Shi ke jan iska, shi ke busar da raɓar da ke toshe sinadarin, shi ke taimaka masa ya jure gubar da ke kashe shi irin su kabon monoksaid da aidin. Ka sanyaya farantin da yawa, jan iska ya yi rauni, tururin da aka samar ya koma ruwa a kansa, akwatin ya yi barci a lokacin da ake buƙatarsa. Wanda ya gano tsarin da ke barin faranti ya ɗau zafi da wuri a kashi 1 ko 2, sannan ya hana shi kai wa zafin kunna wuta a kashi 10, ya warware buƙatu biyu masu karo da juna, kuma wannan ba abin da ake hangowa daga kan kujera ba ne. Irin wannan ya cancanci takarda, da sharaɗin ya zo da alƙaluman gwaji, domin doka ta kuma buƙaci a yi bayanin da wani ƙwararre zai iya bi ya ƙera.

Sakamakon wannan salo yana da fuska mai kyau. Bayan wata 18 galibi ana buga buƙatar ga jama'a, don haka dabarun da da sun zauna a aljihun kamfani suna fitowa fili. Mai ƙaramin kamfani ma da takardar yake jawo masu zuba jari, ga gwajin haidurojin da tsada. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar takardar a matsayin shaidar aminci. Mai tantancewa ba ya kunna akwatin, takardu yake karantawa. Bai san yadda sinadarin zai kasance ba bayan shekara goma cikin ƙura da hayaƙin mai. A Koriya ta Kudu, wadda ta girka waɗannan akwatuna bayan Fukushima, an yi ta ce-ce-ku-ce a 2021 kan ko wasunsu na cinye iskar da saurin da aka yi alkawari, kuma ɗakin gwaji ne kaɗai ke iya raba irin wannan gardama. Akwai kuma haɗarin hukuma ta wajabta wata dabara da mutum ɗaya ke riƙe da takardarta. Amurka ta hango haka tun a dokar makamashin nukiliya ta 1954, wadda ta ba da damar tilasta lasisi kan muhimman ƙirƙire-ƙirƙiren fannin. Wannan kariya ba ta bi na'urar zuwa gareji da gidan mai ba.

Mu ma zancen ya shafe mu ta wata ƙofa. Baturan ruwa da ke cike ɗakunan sola a Kano da Maraɗi suna fitar da haidurojin idan caji ya yi yawa, kuma akwai murafu masu sinadari da ake ɗaura musu don mayar da iskar ruwa. Dokar Nijeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira ba ta sa ofis ya binciki sabuntar abu ba, cikar takardu kawai ake dubawa, sauran a bar wa kotu. Don haka idan ɗan kasuwa ya nuna lambar rajista a jikin irin wannan na'ura, abin da mai saye zai nema shi ne rahoton gwaji daga wani ɗaki mai zaman kansa, wanda ya faɗi kashi nawa na haidurojin aka kai da kuma zafin da farantin ya yi. Har a samu wannan, ɗakin batura yana buƙatar kafar iska a can sama kusa da rufi, inda haidurojin ke taruwa.