Dogon ɗan wasa a ƙwallon kwando: yaya ake cin moriyarsa?

Daga Shahuci zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce, kuma a rufaffen ɗakin wasan da ke can ne Kano Pillars ta ƙwallon kwando take karɓar baƙinta. Da yawa idan an ce Pillars, 'yan ƙwallon ƙafa kawai suke tunawa, alhali 'yan kwandon sun sha ɗauko kofin ƙasa, har da na 2016 da na 2017, kuma sun zo na uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira a 2016. Wato dai wasan ba baƙo ba ne a cikin birni. Sai dai akwai wata shawara da 'yan kallo suke yawan bai wa koci daga kan benci, ko a babban wasa ko a na unguwa, da zarar ƙungiya tana da wani zabgegen ɗan wasa: "A ba dogo! A ba dogo mana!" Shawarar tana da gaskiya a cikinta, amma rabin gaskiyar ce.

A cikin mutum biyar ɗin da kowane ɓangare yake sakawa, akwai wanda ake kira lamba biyar, galibi shi ne mafi tsawo da faɗin ƙirji, kuma mazauninsa kusa da kwando. Kwandon yana da tsayin mita 3.05 daga ƙasa. Mutumin da ya haura mita biyu, idan ya ɗaga hannu ya ɗan yi tsalle, ya isa bakinsa. Dalilin da ya sa kowane koci yake son dogo ke nan: jifan da ake yi daga gindin kwando shi ya fi kowane jifa shiga. A ƙaddara dogon yana zura shida cikin jifa goma idan yana kusa, maki 12 ke nan. Kafin mai harbi daga bayan layin maki uku, wanda yake da nisan mita 6.75, ya kamo shi, sai ya zura huɗu cikin goma, kuma ba kowace ƙungiya ce take da mai hannu irin wannan ba.

To me zai hana a yi ta jefa masa ƙwallo har a tashi? Abokan hamayya ma suna da ido. Da sun ga nan ne hanyar cin abincinku, sai su yi masa taron dangi, ɗaya a gaba ɗaya a baya, wani lokaci har da na uku yana kai wa ƙwallon wawura. Doka ma ba ta bar shi ya sake ba. Akwai wani fili mai kusurwa huɗu a gaban kwando, faɗinsa mita 4.9, tsawonsa 5.8, wanda ɗan wasan da ƙungiyarsa ke riƙe da ƙwallo ba shi da damar tsayawa a ciki fiye da daƙiƙa uku. Saboda dogaye aka yi ta faɗaɗa wannan wuri: a gasar NBA ta Amurka an faɗaɗa shi a 1951 don rage kaifin George Mikan, aka ƙara a 1964 saboda Wilt Chamberlain. Ga kuma agogon daƙiƙa 24 yana bugawa. Idan aka ɓata goma wajen neman yadda za a miƙa masa, ya ɓata biyar yana turereniya, abin da ya rage sai jifan gaggawa.

Tarihin Chamberlain ɗin ma ya isa misali. A kakar 1961/62 matsakaicin abin da yake ci a kowane wasa maki 50.4 ne, har ya taɓa cin 100 shi kaɗai a dare ɗaya, amma ƙungiyarsa ba ta ɗauki kofi ba, Boston ce ta fitar da ita. Sai a 1966/67, da koci Alex Hannum ya shawo kansa ya rage jifa ya yawaita miƙa wa abokan wasa, cinsa ya sauko zuwa 24.1, ƙungiyarsa ta lokacin, Philadelphia, ta ci wasa 68 ta kuma ɗauki kofin. Mutumin bai rage ƙarfi ba, aikin da aka sa shi ne ya sauya.

A ganina, babban amfanin dogon da ya ƙware shi ne tilasta wa abokan hamayya su yi zaɓi tsakanin abu biyu da duk ba sa so. Idan sun bar masa mutum ɗaya, zai ci. Idan sun tura masa biyu, to akwai ɗan wasanku guda da yake tsaye babu mai gadinsa. Duk dabarun da ake shiryawa a kansa daga nan suke tasowa, kuma ƙungiyar da ta fi kowa nuna haka ita ce Houston Rockets ta zamanin Hakeem Olajuwon.

Olajuwon haifaffen Legas ne, a 1963. Da ƙwallon ƙafa ya fara, yana mai tsaron gida, sannan ƙwallon hannu, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Ya yi shekaru yana cin maki ba kofi, har koci Rudy Tomjanovich ya tsara abin da yanzu ya zama ruwan dare: Hakeem shi kaɗai a ciki, sauran huɗun a baje a bayan layin maki uku. Kenny Smith, Robert Horry, Mario Elie, Sam Cassell, duk masu hannu ne. A miƙa wa Hakeem; idan mutum ɗaya ke kansa, ya yi masa yaudarar nan tasa ta kafaɗa da ƙafa, ya nuna zai juya dama ya ɓulle ta hagu; idan na biyu ya taho, ya mayar da ƙwallon waje, a zagaya da ita har ta iske wanda aka bari. Da haka suka ɗauki kofi a 1994 da 1995. A wasan farko na zagayen ƙarshe na 1995, da Orlando ta Shaquille O'Neal, Kenny Smith ya zura jifan maki uku har bakwai, na ƙarshen shi ya kai wasan ga ƙarin lokaci, sannan Hakeem ya dungura ƙwallon da Clyde Drexler ya ɓarar ta faɗa kwando, aka tashi 120 da 118. Houston ta cinye wasanni huɗun a jere. A watan Fabrairun wannan shekara, wanda ya dace da Ramadan, yana azumi yana wasa, kuma shi aka zaɓa gwarzon wata.

Abin lura a nan shi ne aikin sauran huɗun. Wanda ya taɓa bin titin Shahuci zuwa Kasuwar Rimi da yamma ya san yadda babbar mota take zama idan 'yan adaidaita sahu sun dabaibaye ta: injin yana da ƙarfi, wurin juyawa ne babu. Haka dogo yake idan abokan wasansa suka matso kusa da shi, kowa ya janyo mai gadinsa. Wanda ya miƙa masa ƙwallo kada ya tsaya yana kallo. Ko dai ya yanka ta gefensa da gudu zuwa kwando, ko ya sauya wuri a waje yadda mai gadinsa ba zai iya kallon mutum biyu a lokaci ɗaya ba.

Ita kanta miƙawar sana'a ce, kuma a nan ƙananan ƙungiyoyi suka fi asarar ƙwallo. Daga tsakiyar fili, kai tsaye, da wuya ta isa. Daga gefe ake miƙawa, inda mai ƙwallo da dogon da kwando suke kan layi ɗaya. Dogon ya riga ya kafa ƙafa, ya sa mai gadinsa a bayansa, ya ɗaga hannun da yake so a jefa wa. Idan mai gadin ya dawo gabansa, a ɗaga ta sama ta wuce kansa, ko a juya ƙwallon zuwa ɗaya gefen da sauri, don a lokacin mai gadin ya zama a bayan fage. Kuma taku ɗaya yana da daraja: wanda ya karɓa a mita biyu daga kwando juyawa kawai zai yi, wanda aka tura zuwa mita biyar sai ya buga ƙwallo a ƙasa sau uku, kuma duk bugu ɗaya gayyata ce ga gajerun da ke jiran su fizge. Shi ya sa kocin kirki yake hana dogo sauko da ƙwallo ƙasa da haɓarsa bayan ya cafke.

Za a ce, ai Houston tana da maharba, mu fa? Tambaya ce mai kyau, domin a filayenmu na siminti da ke sarari, musamman lokacin hunturu da iska ke kaɗawa, jifan nesa ba abin dogaro ba ne, kuma ƙungiyoyi da yawa tsaron yanki suke yi: biyu a gaba, uku a baya, kowa ya tsare wurinsa, a cunkushe gindin kwando. A irin wannan hali, ajiye dogo a ƙasa kamar binne shi ne. Gara a hawo da shi layin jifan kyauta, tsakiyar tsaron. Daga nan yana hango kowa ta saman kawuna. Idan na bayansu ya fito tarbarsa, gindin kwando ya buɗe wa wani abokin wasansa da ke kusa ko mai yankowa daga kusurwa. Idan bai fito ba, jifa ne na kusan mita huɗu da rabi babu hannu a fuska. Nikola Jokić ɗan Sabiya, wanda sai a lamba ta 41 aka ɗauke shi a 2014, daga wannan wuri yake sarrafa Denver, kuma ya zama gwarzon NBA a 2021 da 2022 da 2024, ya ɗauki kofi a 2023. Ba ya tsalle sosai, ba shi da gudu, ido da hannu ne jarinsa.

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya koyi wasan a can, ya nuna ya fahimci wannan lokacin da yake shugabantar Toronto Raptors. A Fabrairun 2019 ya bayar da Jonas Valančiūnas, dogo mai cin maki, tare da wasu, ya karɓo Marc Gasol daga Memphis. Gasol bai kai maki 10 a matsakaici ba a Toronto, amma ƙwallo ba ta kwana a hannunsa, kuma yana iya harbi daga waje, abin da ya buɗe wa Kawhi Leonard da Pascal Siakam hanya. A watan Yuni suka ɗauki kofin farko a tarihin ƙungiyar.

Akwai kuma aikin da dogo yake yi ba tare da ƙwallo ba, wanda 'yan kallo ba su cika tafa wa ba. Ya fito ya tsaya ƙyam kamar katanga a hanyar mai gadin ɗan wasan da ke riƙe da ƙwallo, mai gadin ya yi karo da shi, shi kuma nan take ya juya ya nufi kwando. Masu tsaro biyu sai su rasa wa za su bi. Sharaɗin shi ne ya tsaya cak kafin a yi karon. Idan yana motsi, alƙalin wasa zai busa masa laifi. Sai gudu: dogon da ya riga takwaransa isa ɗaya gefen bayan an ƙwace ƙwallo yana samun maki mafi araha a wasan. Sai cafke wadda ta dawo daga allo, domin a dokar FIBA, hukumar wasan ta duniya, idan ƙwallo ta taɓa bakin kwando kuka sake kama ta, ana mayar muku da agogo daƙiƙa 14. Hari na biyu ke nan a kyauta.

Duk wannan yana cin ƙarfi, kuma jiki mai nauyi ya fi saurin gajiya, balle a zafin Maris da Afrilu na Kano. A dokar FIBA, wasa zango huɗu ne na minti goma-goma. Dogon da aka hutar minti biyu a ƙarshen zangon farko da na uku ya fi amfani a mintunan ƙarshe bisa wanda aka bari yana jan ƙafa. Haka batun laifi: biyar ake yi a fitar da mutum. Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Idan aka fara wasa da miƙa wa dogonku sau uku ko huɗu a jere, akwai yiwuwar nasu ya ɗauki laifi biyu da wuri a zaunar da shi. Amma su ma haka suke nufin naku, don haka kocin da ya san abin da yake yi yana hana shi kai hannu a inda ba dole.

Sai jifan kyauta, inda dogaye da yawa suke jin kunya. Daga laifi na biyar da ƙungiya ta yi a zango ɗaya, kowane laifin tsaro jifa biyu ne. O'Neal, duk da ƙarfinsa, kashi 52.7 cikin ɗari kawai ya zura a tsawon rayuwar wasansa, har ƙungiyoyi suka mayar da yi masa laifi da gangan dabara. Idan dogonku haka yake, a minti biyun ƙarshe na wasan da ake kankankan kada a sa ƙwallo a hannunsa yana tsaye. Ya yi katanga, ya jira wadda za ta dawo daga allo. Idan kuwa yana zura bakwai ko takwas cikin goma, to a nan 'yan kallo sun yi gaskiya, a ba shi.

Inda na fi ganin gyara shi ne wajen yara. Da an ga yaro ɗan shekara 13 ya fi sa'o'insa tsawo, sai a kafa shi a gindin kwando, a hana shi buga ƙwallo a ƙasa, a hana shi harbi, aikinsa kawai ya ɗaga hannu. Yana cin maki a lokacin saboda babu mai kamo shi. Bayan shekara huɗu sauran sun yi tsawo, ko kuma shi ya tsaya a mita 1.90, wanda a wasan manya tsayin masu wasa a waje ne, ga shi bai iya komai na waje ba. Yaro mai tsawo a koya masa jifa da hannun hagu da na dama, da juyawa a kan kowace ƙafa, da miƙa ƙwallo yana kallon wani wuri, kuma a bar shi ya ci gaba da buga tamaula a unguwa, don saurin ƙafar da Olajuwon ya rikita manyan NBA da shi, shi da kansa ya sha danganta shi da ƙwallon ƙafar da ya buga a Legas.